Akhɗabuɗ Ba Rago Ba Ne

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Dammam, ni da wani ɗan Damagaram mai wanke tankin kifi a gidan da nake tuƙi a unguwar Ulaya ta birnin Riyad. Maigida ne ya aike mu bakin teku mu ɗauko masa akhɗabuɗ biyu, wato halittar ruwan nan mai hannu takwas da ba ta da ƙashi ko ɗaya. Shi guda ya yi niyyar saye. Ni na sa baki na ce a ƙara, domin a garinmu Maraɗi ba a ɗaure rago shi kaɗai. In ya ga ɗan'uwansa na ci, shi ma sai ya ci. Maigida ya yarda.

Hanya shimfiɗe take kamar tabarma, jan yashi dama da hagu, raƙuma na kallonmu ta bayan waya. Mun karya da gurasar tamis da wake a wani gidan mai. Ta fi ta unguwarmu Manfuha tsada, waken kuwa ana iya ƙirga shi.

Da hantsi muka isa shagon da ake sayar da su. Dattijon mai shi ya tambaye ni tanki nawa ne a gidan.

Na ce, "Ɗaya, amma babba."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Ya Hajji, wannan ba ya son maƙwabci. In ka haɗa su, gobe ɗaya za ka tarar, cikinsa cike."

An riga an saya, ba a mayarwa, wayar maigida kuma a kashe. Na yagi kwali na rubuta gargaɗin dattijon da Hausa cikin ajami: kowa da bokitinsa, a ɗaure murfi, kada ruwa ya ɗumama.

Muka juyo, na ƙure sanyin mota har yatsuna suka ƙage. Duk ramin da taya ta taka sai na ce Ya Salamu. Abokin tafiyata kan leƙa baya ya ce, "Malam, ragunanka na gaishe ka."

Da azahar muka tsaya, muka yi salla bi da bi don kada a kashe mota. Ina sallamewa na ji yana ƙwala mini kira. Babban akhɗabuɗin ya zuro hannu ta kafar robar da ke shigar masa da iska, ya ɗaga murfi, yana lalubar bokitin ƙaramin. Ƙaramin ya koma fari fat. Na kai hannu, abin ya manne mini a wuyan hannu, sanyi ƙalau, da ƙyar na ɓamɓare shi. Na ɗaure murfin da rawanina, muka mai da ƙaramin gaba.

Takardar zamana a ƙasar nan a hannun maigida take, kuma bakina ne ya jawo wannan. Abokina ya ce, "Ka ce mai shagon bai faɗa mana komai ba, a zuba su tanki ɗaya kawai." Na shafa aljihun da kwalin yake. Maigida Balarabe ne, zai iya karanta baƙaƙen kwalin nan bai gane ko kalma ɗaya ba, amma ni na san abin da hannuna ya rubuta.

Da la'asar sakaliya muka shigo Riyad. Tun a bakin ƙofa na faɗa masa komai, har da ragunan Maraɗi. Sai ya tuntsire da dariya, ya sa a fito da wani tsohon tanki daga ɗakin ajiya, ya ce daga yau ni ne makiyayinsu.

Na koyi cewa ilimin turke iyakarsa turke, abin da ban sani ba in ce Allahu a'alamu. Alhamdulillahi, dukansu suna raye, kowa da ɗakinsa. Ni kuwa na koma Manfuha, inda mu shida muke ɗaki ɗaya, har yau ba wanda ya ci wani.