Ƙwayar Yaya da Furar Safe

Na manta abubuwa da yawa cikin shekarun da na yi ina koyarwa a lakwal, inda ake kiran malami irina Mushe, amma makonnin da yayata ta dawo daga asibitin birnin Yamai da maganin sankarar jini ba za su fita raina ba.

Ƙwayoyi ne na haɗiya, safe da yamma. Ni ne mai karatun gidan, don haka ni aka miƙa wa takardar likita. Ya rubuta a sha da ciki wayam, sa'o'i biyu bayan abinci, kuma a jira sa'a guda kafin a ci wani abu. Na karanta, na gane sarai, sai na yi abin da na saba yi wa takardun ɗalibai: na gyara. A Agadas wa ya taɓa ba marar lafiya magani da yunwa? Na sa a riƙa dama mata fura mai kauri, da dabino da cuku, ta kora ƙwayar da ita.

"Auta, haka likitan ya ce?" in ji ta. Furfura ta gama cin kaina, amma Auta nake a bakinta.

"Haka yake nufi, Yaya."

Ba a daɗe ba ta fara dafe ƙirji, tana cewa zuciyarta na tsalle kamar ɗan akuya. Wata safiya ta zame a bakin randa. Na kira likitan ina shirin yi masa faɗa.

Tambaya ɗaya ya yi: da me take sha? Na faɗa masa har da alfahari. Sai ya ce, "Mushe, an auna wannan ƙwayar ne da hanjin da babu kome. In ta tarar da abinci mai maiƙo, abin da ke shiga jini ya zarce abin da na rubuta, kuma zuciya ce ke shan wahalar. Akwai maganin da ke son abinci, wannan ba ya so."

Ya sa aka duba zuciyarta, aka dakatar da maganin ƴan kwanaki, sannan ta koma sha yadda ya tsara. Allah ya sa abin ya tsaya nan, tana nan da ranta.

Tun daga ranar, in umarnin likita bai kwanta mini ba, tambayarsa dalili nake yi. Tausayin da bai yi tambaya ba ya kusa raba ni da yayata.