Tuwon da Na Mayar a Cikin Hular Baba

A shekarun farko bayan Turawa sun miƙa mulki, ni saurayi ne mai ƙarfi da rawar kai, ɗan fari a gidan wani maharbi a ƙauyenmu da ke bakin daji wajen Kakangi. Da damina mu yi noma, da rani mu shiga daji. Ba zan ambaci sunan kowa a wannan labari ba sai na kare guda, domin shi kaɗai ne ba shi da abin jin kunya a ciki. Sunansa Barsu, ja ne mai farin ƙirji, kuma karen mahaifina ne, ba nawa ba.

A wancan zamani makiyaya kan barbaɗa guba a mushe saboda kuraye, karnukan farauta da yawa ta nan suka tafi. Don haka tun Barsu yana ɗan kwikwiyo Baba ya hore shi kada ya ci komai sai daga hannunsa. Yakan sa maƙwabta su jefa masa nama cike da barkono, har ya gane cewa abincin da ba ya ɗauke da ƙanshin hannun Baba azaba ne. Ni da nake ɗan gida, in na miƙa masa ƙashi sai ya kawar da kai kamar na zage shi. Abin yakan ba ni haushi ƙwarai, Baba kuwa dariya yake yi, yana cewa wannan horon ne zai tsawaita ran karen.

Wani rani gadu ya yage wa Baba cinya. Muka ɗauko shi a gadon kara zuwa ɗakin magani a Birnin Gwari, bayan na ɗaure Barsu a gida. Ashe ya tsinke igiya ya biyo sawunmu. Mun kuma zo a mummunan lokaci, domin mahaukacin kare ya ciji mutane a garin, hukuma ta sa a kama duk karen da aka gani yana yawo a kai shi wani shinge a bayan gari. Wata mai sayar da ƙosai ce ta gaya mini ta ga an ja wani jan kare daga ƙofar ɗakin maganin da igiya a wuya. Na bar ƙosan a hannunta na ruga.

Na same shi kwance a kusurwar shingen cikin karnuka masu haushi, shi kaɗai ya yi shiru. Masu gadi biyu ne. Na farko dattijo ne mai sauƙin kai, shi na tarar. Na biyu, wanda ke karɓarsa, ban taɓa ganinsa a bakin aiki ba, kullum yana gindin wata bishiya wajen masu dara. Na durƙusa na gaida dattijon, na roƙe shi ya ba ni karen. Ya ce ba shi da iko, sai malamin dabbobi ya dawo daga rangadin allurar shanu ya duba su ɗaya bayan ɗaya, amma in kwantar da hankalina, doka ba ta yarda a taɓa kare mai ubangiji ba kafin nan. Na yi masa bayanin horon Barsu dalla-dalla, na ce in ya ga ba ya cin abinci kada ya ɗauka ciwo ne. Ya gyaɗa kai, ya ce ya ji, har ya ba ni shawara in samo jan ƙyalle in ɗaura masa a wuya don a bambanta shi da marasa gida. Na ce to, gobe.

Da na gaya wa Baba, sai ya manta da ciwon ƙafarsa. Abin da ya dame shi guda ne, karen zai mutu da yunwa alhali ga abinci a gabansa. Shi ya kawo dabara. Ya gutsuri tuwon da aka kawo masa, ya mulmula shi sosai a tafin hannunsa, ya cire hularsa ya sa a ciki, ya ce in kai. Wallahi ban yi zaton zai yi aiki ba. Amma da na tura hular ta ƙarƙashin shingen, Barsu ya shinshina, ya yi wani ɗan kuka siriri, ya cinye tas har yana lasar hular. Daga nan kullum haka muke yi. In na dawo, Baba ba ya tambayata komai, hular kawai yake karɓa ya leƙa. In ya ga babu komai ciki sai ya yi hamdala ya mayar da ita kansa, da maiƙon miya da komai.

Ana haka ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe Baba har ba ya gane mutane. Kwana biyu ban iya matsawa daga gefensa ba, shi kuma ba shi da hannun mulmula tuwo. Na yi ta gaya wa kaina ai dattijon nan ya sani. Jan ƙyallen kuwa yana cikin aljihuna, na yage shi daga tsohon zanen innata, ban kai ba.

Da safen da ya farfaɗo, abin da ya fara nema shi ne tuwo. Ya mulmula, ya sa a hular ya miƙo mini. Na isa shingen na tarar da kusurwar wayam. Mai gadi na biyu na nan yana wanke hannu. Na tambaye shi ina jan karen nan, ya ce ai mahaukaci ne, jiya ya sa aka harbe shi aka binne a rami tare da wasu. Ya ce kare ne da ba ya ci, yana ta gurnani, bakinsa duk kumfa. Na dubi kaskon ruwan da ke shingen, a bushe yake ƙayau har ya tsage. Kumfar kuwa ta tauna itacen shinge ce, ga wurin nan duk ya gaigaye yana neman hanyar zuwa wurin ubangidansa. Ashe dattijon rasuwa aka yi masa ya tafi ƙauyensu, bai bar wa kowa sallahu ba, wannan kuma bai tambayi kowa ba, bai jira malamin dabbobi ba. Na shaƙe wuyan rigarsa, sai da mutane suka ɓamɓare ni. Abin da ya fi ƙona mini rai, dariya wasu suke yi, wai ƙato guda yana hawaye a kan kare.

Na daɗe ina zagaye ɗakin maganin kafin in iya shiga. Na shirya ƙarya iri-iri a hanya, amma ban yi dabarar zubar da tuwon ba. Baba ya karɓi hular kamar kullum, ya leƙa. Ya daɗe yana kallon cikinta. Sai na faɗa masa komai, har da ƙyallen da ke aljihuna. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Abin da ya ce kawai, karen bai saɓa ba, abin da aka koya masa shi ya yi har aka kashe shi. Ƙafar ta warke, amma Baba bai sake shiga daji ba, bai kuma sake kiwon kare ba har ya koma ga Allah.

Abin da na koya shi ne, maganar da rai ya rataya a kanta ba a barin ta a kunnen mutum ɗaya, kuma ba a ce mata gobe. Ku da aka ba ku amanar tsare dabba, ku ji tsoron Allah. Wannan da kuke gani a ɗaure ba ta da bakin da za ta ce muku tana da gida, ku tambaya kafin ku yanke mata hukunci, ku kuma duba ko kun ba ta ruwa. Ku masu ita, kada kunyar dariyar mutane ta hana ku sintiri a kanta. Yau na girmi shekarun da Baba ya yi a duniya, kuma hular tana nan a ƙasan akwatina. Ban taɓa iya wanke ta ba.