Sailuba Ta Gyara wa Lidiya Hali

Sailuba mutuniyar Funtuwa ce, kuma kunyarta irin ta mutanen da ce. Har mijinta Injiniya Maitama ya rasu a Lanham ta Amurka bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Ɗanta na fari kuwa "wannan yaron" ne har gobe, alhali gemunsa ya fara furfura. A gida malamar firamare ce mai koyar da Turanci. A Amurka takardunta ba su ci ba, sai ta shiga aikin kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, magani, girki marar gishiri, da haƙurin jin zance ɗaya sau goma.

Kamfanin da take wa aiki ya riga ya ja mata kunne. Wani tsoho ne ya kai ƙararta don ta ƙi zuba masa giya, aka ce in aka sake kawo ƙara to ta nemi wani wurin. Mace ta doshi sittin, wa zai ɗauke ta? Ita kuwa ba abin da take tsoro kamar ta wuni a gida ita kaɗai tana kallon bango. Da wannan fargabar aka tura ta Takoma Park, gidan Madam Irene.

Irene 'yar Rasha ce, tsohuwar malamar lissafi. Idonta ya mutu, amma bakinta na nan da ransa, ta kori masu kula da ita har kamfanin ya gaji da canji. Abu ɗaya take so, bayan abincin rana a karanta mata littafi. Ta sa Sailuba ta sauko da wani ƙaton littafin Turanci daga saman kabad, labarin Lidiya, wata mata da ta tashi cikin 'yan daban Mosko har ta zama uwar daba.

Shafukan farko sun tafi lafiya lau. Sai aka zo inda Lidiya ta shiga ɗakin otal da wani ɗan sanda, ta fara ɓalle maɓallan rigarta. Sailuba ta leƙa layin gaba, kunya ta lulluɓe ta. Ta faɗi wannan da bakinta, a gaban sa'ar uwarta? Ta dubi tsohuwar, ta tuna ba gani take ba. Sai ta gyara murya ta ce Lidiya ta mayar da maɓallanta, ta ce wa ɗan sandan ya ji tsoron Allah, yana da iyali. Ta haɗa shafi biyu ta juya.

Daga nan abin ya zame mata jiki. Duk inda aka buɗe kwalba, shayi Lidiya take sha. Ashar ya koma "Allah ya shirye ka." Kisan kam tana karanta shi yadda yake, tunda harbi ba abin kunya ba ne, sai dai takan sa Lidiya ta aika wa iyalan mamacin buhun shinkafa. Inda ta sha wuya, ɗan sandan da ta kora daga otal shi ne ya fito uban ɗan Lidiya a can gaba. Dole ta ɗaura musu aure a tsakani, har da waliyyai. Tun tana duba shafi tana gyarawa, har ta koma riƙe littafin kawai tana juya takarda don a ji ƙara. A cikin bas take shirya na gobe.

Wata Asabar Constance, 'yar Irene, ta zo daga College Park ta zauna tana latsa waya. Can ta taso ta tsaya a bayan kujerar Sailuba, ta bi layukan da ido.

"Mama, abin da take faɗa ba shi ne a rubuce ba," in ji ta. "Ko kalma ɗaya. Bari in kira kamfanin."

Sailuba ta rufe littafin ta ɗora a cinya, ba ta yi musu ba.

"Ajiye wayar nan," in ji Irene. "Na karanta shi tun ina gani, na san ba a ɗaura aure a ciki ba." Ta juyo wajen Sailuba. "A littafin, yaranta ne suke harbe ta a mota. Ke ya za ki yi da ita? In kika yi mini shirme, ni da kaina zan kira su."

"Madam, da na yi niyyar ta tuba."

"Ta tuba ta yi me? Kar ki sake aurar mini da ita, kuma kar ki kashe ta."

Duk labaran da Sailuba ta sani a nan suke ƙarewa, ko tuba, ko aure, ko kabari. Constance ta sake ɗaga waya. Sai Sailuba ta fara, ko littafin ba ta buɗe ba. Ta ce Lidiya ta tsere da jaka ɗaya, ta sauka a wani gari inda ba mai tsoronta, ba ma mai iya faɗin sunanta daidai. Mijin ya mutu aka binne shi a can. Ɗan ya girma yana amsa mata da wani yare, yana leƙo ta in ya sami sarari. Ta tsufa tana girkin mutum ɗaya, in ta ji motsi a ƙofa sai ta yi fatan ko da maƙiyi ne, in dai daga gida yake.

A nan tausayin kanta ya kama Sailuba, ta tsaya.

Constance ta sunkuyar da kai, wayar tana hannunta.

"Gara harbin," in ji tsohuwar. Ta laluba ta kamo hannun Sailuba ta riƙe gam. "Litinin ki zo da wuri. Ki gaya mini abin da take yi in yamma ta yi."