Baba Mai Tsumma, wanda ya riƙe ƙafar Tartsatsi

Kafin a buɗe babbar ƙofar zauren ƙwallon kwando, Baba Mai Tsumma ya riga ya gama da rabin fili. Yakan shigo ta ƙaramar ƙofar baya, ya rataye rigarsa a ƙusar ɗakin ajiya, ya cire takalmi, domin a wurinsa taka daɓen katakon nan da takalmin titi rashin kunya ce tsagwaronta. Sai ya ɗauko doguwar sandarsa mai tsumma a baki, ya fara daga ƙarƙashin kwando ɗaya, yana bi layi-layi har ya isa ɗayan. Idan ya gama yakan ja tafin ƙafarsa a kan katakon ya kasa kunne. In ya ji ƙara, ya gamsu. In ƙafar ta zame shiru, to aiki ya dawo sabo.

Ranar wasa kuma mazauninsa wata 'yar kujera ce a bayan kwando, tawul biyu a kafaɗa, sanda a tsakanin gwiwoyi. Ɗan wasa ya faɗi ya bar gumi a ƙasa, alƙali ya ɗaga hannu, Baba ya shiga ya goge. Ƙa'ida ce ba a ci gaba da wasa sai ya fita, kuma wannan ne kaɗai lokacin da mu 'yan kallo muke tuna da shi, shi ma don mu yi masa ihu ne: “Baba, yi sauri mana, wasa zai huce!” Bai taɓa ɗaga kai ya dube mu ba. Shekara ashirin da ɗoriya yana wannan aiki, yanzu ya ajiye sanda, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu yi masa wani ihun daban.

Waɗanda suka san shi suna da abin faɗa. Kyaftin ɗin ƙungiyarmu ya ce tun da ya fara wasa a zauren nan bai taɓa jin tsoron tsalle ba, don ya san inda zai dira a bushe yake. Mai gadi ya ba da labarin ranar da rufi ya yi yoyo ana tsakiyar wasa, aka yi shirin tashi, Baba ya ce a ba shi dama. Ya tsaya a gefen layi da tawul, duk sa'ad da 'yan wasa suka ruga ɗaya gefen sai ya faɗa ya goge ɗigon ya fice kafin su juyo, haka har aka tashi, kuma ko mutum ɗaya bai zame ba. Ƙungiyoyin baƙi ma sun shaida shi, don bai taɓa bambanta gumin namu da na abokan hamayya ba. Wani mai zafin kai ya taɓa ce masa ya riƙa barin gefen baƙi da ɗan danshi. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Idan yaron mutane ya karye, kai za ka je ka gaya wa uwarsa?”

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Tartsatsi.

Tartsatsi shi ne gwaninmu. Dogo ne, siriri, hannunsa ba ya kuskuren kwando idan ransa na daidai. Matsalar ita ce ran nasa ba ya daɗewa a daidai. Alƙali ya busa usur a kansa, sai ka ga wuyansa ya miƙe, idanu sun kaɗa, kafin ka ce me ya isa gaban mutum yana zazzaga masa magana. An kore shi daga fili har mun gaji da lissafi. Ya taɓa shurin benci ya ji wa kansa ciwo a yatsa, aka rasa shi wasa biyu. Daga ƙarshe hukumar gasa ta ce kora ɗaya ta rage masa a dakatar da shi shekara guda, shugabannin ƙungiya kuma suka ce in hakan ta faru, ya tattara kayansa, ba za su jira shi ba. Kowa ya sani, ɗan wasan da aka sallama da irin wannan suna, ba ƙungiyar da za ta buɗe masa ƙofa.

A shagon askin da ke fuskantar zauren nan ake yanke hukuncin duk wani wasa, kuma manyan alƙalai biyu ne, Mai Aski da wani direban motar haya da ba ya zuwa aski sai gardama.

“Ni dai a sallame shi,” in ji Direba. “Me ake da gwanin da ke barin mu a rabin hanya? Mota ce mai gudu ba birki.”

“Kai da ko ƙwallo ba ka iya riƙewa!” in ji Mai Aski, almakashi a sama, wanda ake wa askin yana ta kare kunnensa. “Cire makin da yaron nan ya ci mana bana, ka ga inda za mu tsaya a tebur.”

“Cire wasannin da ya kalla daga ɗakin sauya kaya, ka ga inda da muka kai.”

“Alƙalan ne suka sa masa ido.”

“Shi ya ba su idon.”

Wasu suka ce koci ne ya cika lallashi, wasu suka ce koci ne ya cika tsawa. Wani ya ce a yi wa yaron aure zai nutsu, aka tuna masa cewa shi kansa mai maganar yana da aure bai nutsu ba. Kowa yana da maganin Tartsatsi a aljihu, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa zama da shi na minti biyar.

Baba ba ya shiga wannan gardama. In an tambaye shi sai ya ce shi ƙasa yake kallo. Amma shi ne ke buɗe wa yaron ƙofa da sassafe idan ya zo atisaye shi kaɗai, kuma ya lura ba a taɓa gaya masa ya cire takalmin titi ba, da kansa yake cirewa. A ɗakin ajiyar Baba yake ɓuya duk ranar da aka kore shi, ya zauna a kan akwatin ƙwallaye, tawul a kansa. Baba ba ya yi masa wa'azi, don ya san masu wa'azin sun yi yawa. Yakan ci gaba da wanke tsummokaransa kamar ba kowa. Wata rana, daga ƙarƙashin tawul ɗin, yaron ya ce, “Baba, wallahi ban san lokacin da nake isa gaban alƙali ba. Sai dai in ga kaina a can ina magana.”

Maganar nan ta zauna wa Baba a zuciya. Kowa na neman yadda za a canza wa yaro hali. Shi abin da ya gani ƙarami ne: tsakanin inda Tartsatsi ke faɗuwa da inda alƙali ke tsayawa akwai 'yar tazara, kuma a cikinta ake yin ɓarnar. Tausayin yaron ya kama shi sosai, har ya riƙa kwana da abin a ransa.

Ranar wasan ƙarshe na kakar bana, da la'asar, zaure ya cika har bakin ƙofa. Ana kusa da tashi, maki kusan kunnen doki, Tartsatsi ya kutsa da ƙwallo zuwa kwando, wani ƙato ya tare shi, suka zube tare. Usur ya tashi. Alƙali ya nuna Tartsatsi, wai shi ya yi ture. Ni da nake zaune kusa na rantse ba shi ba ne, amma wannan gardamar shagon aski ce. Abin da kowa ya gani shi ne yaron ya miƙe, wuya ya tsaya, idanu sun kaɗa. Koci na ƙwala masa kira daga benci, kyaftin yana can ɗaya gefen, ba zai iso ba. Mai Aski ya dafe kai da hannu biyu. Duk mun san abin da ke tafe.

Sai ga Baba a fili. Ya wuce gumin da ke ƙasa ko kallonsa bai yi ba, ya yar da sanda, ya zube a kan gwiwoyinsa a gaban Tartsatsi, ya cafke masa idon sawu.

“Ɗaga ƙafa.”

“Baba, sake ni!”

“Takalminka ya jiƙe. Ɗaga, na ce.”

Tartsatsi ya dubi alƙali, ya dubi ƙasa. Ba yadda zai fizge ƙafar nan ba tare da ya shuri dattijo mai furfura a gaban dubban mutane ba. Ya ɗaga. Kuma duk zafin ran mutum, ba ya iya zagi yana tsaye da ƙafa ɗaya. Tilas ya dafa kafaɗar Baba don kada ya faɗi. Baba ya goge tafin takalmin a tsanake, lungu-lungu, kamar mai wanke kwanon baƙo.

“Ɗayar.”

Ya ɗaga ɗayar. Ƙirjinsa na hawa da sauka, amma wuyan ya fara sassautawa. Da Baba ya gama, ya dafa ƙasa zai tashi, sai ya koma.

“Ɗana,” ya ce, “kama ni. Gwiwar ta ƙi.”

Tartsatsi ya sunkuya ya ɗaga shi cak, ya riƙe shi suka taka a hankali har kujerarsa, ya dawo ya ɗauko masa sandar, ya ma goge gumin da kansa tunda mai gogewa ya zauna. Wani ya fashe da dariya daga sama, sai zaure ya ɗauka da tafi. Alƙali ya tsaya da usur a baki yana jira, ba wanda ya zo gabansa. Ya busa aka ci gaba. Ban taɓa jin ajiyar zuciyar jama'a a lokaci ɗaya kamar ta ranar ba.

Ba mu ci wasan ba. Jifan ƙarshe na Tartsatsi ya daki bakin kwando ya dawo, baƙi suka tafi da nasara da 'yar ƙaramar rata. Amma yaron ya gama wasa a cikin fili, ya je ya ba alƙali hannu, kuma sunansa na cikin waɗanda ƙungiya ta riƙe. Direba ya ce jifan ƙarshen nan ko makaho zai jefa, Mai Aski ya kore shi daga shago, shi kuma ya dawo washegari. Sabuwar gardamarsu ita ce ko gwiwar Baba da gaske ta ƙi, ko dabara ce. Matar Baba ta raba gardamar. Ta ce gwiwar ta kumbura ta yi suntum, ta yi kwanaki tana gasa masa ita da ruwan zafi tana faɗa: “Kai da likita ya hana durƙuso! Yara na guje-gujensu, kai ma sai ka shiga?” Likitan ma da ya duba ya ce aikin ya isa haka.

Baba, kai ne wanda muka yi shekaru muna yi wa ihun ya yi sauri, alhali jinkirinka ne ya tsare mana ƙasusuwan 'ya'yanmu. Kai ne ka ga yaro a inda mu muke ganin maki da laifi. Mu muka zauna a inuwa muna yanke masa hukunci, kai ka kai gwiwarka mai ciwo ƙasa ka saya masa ɗan lokacin da hankalinsa zai dawo. Dattijon ƙarƙashin kwando, ba ka taɓa jefa ƙwallo ba, amma ka tsare mana wanda ya fi kowa iya jefawa.

An yi masa 'yar walimar ban kwana a zauren, 'yan wasa da ma'aikata da kaɗan daga cikinmu. Ana cikin jawabai wata mata ta shigo, ba wanda ya san ta. Ta tsaya a bakin daɓen ta ce, “Ina wanda ya riƙe ƙafar ɗana?” Tartsatsi ya sunkuyar da kai. Ashe mahaifiyarsa ce, kuma ba ta taɓa zuwa kallonsa ba, don ta ce ba za ta iya zama tana jin ana zagin abin da ta haifa ba. Aka nuna mata Baba. Ta je gabansa, sai hawaye. Baba ya rasa inda zai sa kansa, ya riƙa murza hular da ke hannunsa.

“Baiwar Allah, ki daina kuka,” ya ce. “Yaronki mai ladabi ne. Da ba mai ladabi ba ne, da ya shure ni ya wuce.”

Ta ce tun da ɗanta ya fara wasan nan, wannan ne karo na farko da wani ya yabe shi da abin da ba ƙwallo ba.

Mun gode, Baba. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa ka huta cikin 'ya'ya da jikoki, ya saka maka da abin da ba mu iya saka maka ba. Mu kuma da muka rage, a ofis ne, a kasuwa ne, a gida ne, kowannenmu ya san wani mai zafin zuciya da ake jira ya yi kuskuren ƙarshe a huta da shi. Masu jiran sun isa, ba a buƙatar ƙari. In ka ga ya miƙe, ka tashi ka tare shi tun bai isa can ba.