Mutumin da Yake Ƙirga Ganyen da Bai Fito Ba

Kafin maigadi ya gama share ƙofar ofis, shi ya riga ya iso. Zai tsaya a bayan kujerata, ya zuba wa allon kwamfuta ido, yana ƙirga na'urorinmu da leɓe. Guda goma sha tara ne, jere a bakin kogi daga tsauni har gangare. Kowacce tana auna tashin ruwa, ta miƙa wa ta gaba, har labarin ya iso gabana. Idan na ga lamba ta haura, sai in kira ƙauyukan gangare su tashi. Aikina ke nan. Nasa kuwa zaɓar inda za a kafa kowace na'ura. Mai Tsani muke ce masa, don ba ya yarda da taswira sai ya hau tsani ya gani da idonsa.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki bayan shekara ashirin da biyu, gwiwa ta ƙi. Ina rubuta wannan ne da kunya, domin ina cikin waɗanda suka taɓa yi masa dariya.

Shekara tara da suka wuce aka kawo waɗannan na'urorin, aka ce a tsara su da rani, lokacin da mota take shiga ko'ina. Aka gwada, saƙo ya wuce tsaf. A wurin taro shi kaɗai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, itatuwan nan tsirara suke yanzu. Ranar da suka yi ganye, na'ura ta bakwai ba za ta ji saƙon ta shida ba. A ƙara sanda ɗaya mai miƙa saƙo a kan tudu."

Shugaba ya ce, "Haba Malam! Gwaji ya nuna lafiya lau. Yanzu ganye ne zai tare saƙo?"

Aka kwashe da dariya. Ni da bakina na ce, "Baba, ko dai tsanin ne ba ka so ya huta?"

Aka tura shi wani aiki, damina ta sauka, daji ya rufe. Kwana uku lambobin saman kogi ba su motsa ba a allona, na ɗauka ruwa ne ya kwanta. Ashe saƙo ne ya yanke. An tafka ruwa a tsauni, gangare kuwa rana tar. Ambaliya ta iso da hantsi, mata suna wanki. Ta tafi da uku daga cikinsu.

Bai taɓa cewa "ai na faɗa muku" ba, da ma ya faɗa da na fi samun sauƙi. Direbanmu ya ba ni labari cewa da suka je ta'aziyya, mijin ɗaya daga cikin matan ya tambaya, "Ku ne masu na'urar?" Kowa ya sunkuyar da kai. Mai Tsani ya ce, "Mu ne. Ka yafe mana."

Cikin damina ya sake tsarin gaba ɗaya, da ƙafa, laka har gwiwa. Yakan tambayi manomi iya tsawon da shukarsa take kaiwa. Yakan sa tsohuwa ta nuna masa inda ruwa ya taɓa tsayawa a jikin bango. Ko ƙaramin itace ya gani sai ya rubuta inda zai kai nan da shekara biyar. A wannan yawon ne ya faɗo ya ji ciwon da yake ɗingishi da shi har yau. Tun daga lokacin saƙo bai sake yankewa ba, sau huɗu na kira gangare, sau huɗu kowa ya fita da ransa.

Baba, kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba. Kai ne mai ganin damina tun ana rani. Akwai mutanen da suke raye saboda kai, ba su ma san kamanninka ba. Na gode, Allah Ya saka maka, Ya ba gwiwar nan lafiya.

Abin da ya hana ni murna shi ne, an ba mu sabon kogi, na'ura talatin. Na ga tsarin a kan tebur, daga hoton sama aka zana shi, hoton kuma na rani ne. Waɗanda suka san abin da ya faru duk sun watse, saura mu biyu. Jiya ya duba takardar, sannan ya tambayi sababbin injiniyoyinmu, "'Ya'yana, wa zai je ya taka wurin idan ruwa ya sauka?" Kowa ya kalli wayarsa.

Ku da kuke da ƙafa da ilimi, don Allah wani ya tashi. Ku je ku zauna da shi tun yana iya nuna muku. Damina saura wata huɗu, kuma an riga an gaya wa mutanen sabon kogin su kwantar da hankalinsu, idan ruwa ya taso za mu kira su.