Tokar Alhaji Mai Batir

Har gobe in na tuna ranar da Malama Hajara ta shigo ofishinmu, sai raina ya ɓaci. Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ke nan, ina ƙaramin duba-gari a cikin birni. Aikinmu shiga gidaje, mu duba kwata da rijiya da shara.

Malamar firamare ce. Ta ce, "Malam Garba, yaran wani lungu sun dame ni. Abin da na koya musu da safe, kafin azahar ya bi iska. Akwai Nafisa, da can ita ke ɗaukar na ɗaya, yanzu sunanta ma da kyar take rubutawa. Ubanta sai jibgarta yake, wai ta zama daƙiƙiya."

Na bi ta lungun. Ashe a soron wani Alhaji ake fasa tsofaffin baturan mota ana narka dalma. Hayaƙin kaɗai masifa ne. Amma abin da ya tsinka min zuciya, matan lungun kullum sai sun aika an ɗebo musu tokar wurin, wai ta fi kowace toka fitar da baƙin tukunya. Da ita ake goge kwanon da yaro zai ci tuwo! A gidan su Nafisa kuwa ita ke ɗebowa, ita ke wanke-wanken.

Na sa aka kai ta asibiti. Likita ya ce dalma ce a jininta, kuma ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba duka take gyaruwa ba.

Ƙa'ida ita ce in rubuta notis, shugaban sashe ya sa hannu, sannan a rufe wuri. Na kai masa. Ya karanta, ya turo min abina. "Garba, yanzu fa siyasa ake. Alhajin nan shi ya tsayar da kansila. Kai da aka ce ka duba kwata, ina ruwanka da ƙwaƙwalwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da 'yarka ce fa?" Sati bai zagayo ba aka mayar da ni kasuwa duba nama.

Kafin in tafi na bi gida-gida da ƙafata, ina roƙon a daina ɗibar tokar. Wasu sun ji. Uban Nafisa ya zube a dakali ya riƙe kai, ya ce, "Ashe ba iya shege ba ne? Ni kuwa na yi ta dukanta."

To, ku da kuka shigo aikin nan yanzu, notis yana iya ruɓewa a teburin oga, amma bakinku ba ya jiran sa hannun kowa. An dai rufe soron daga baya, da jikan Alhajin ya fara kasa karatu. Nafisa kuwa a aji huɗu ta tsaya.