Fim ɗin Humrar Yaya

A zamanin da nake tafinta, in aka ce za a ɗauki sinima, unguwa ce ke tashi. Sau uku na bi Turawa masu wannan aiki: cikin duwatsun arewa da Agadas, da bakin tafkin Cadi, da wani gari a arewacin Kamaru. Mota biyu ake cikawa da akwatunan ƙarfe. Mai ɗaukar hoto daban, mai ɗaukar murya daban da doguwar sandarsa, ni kuma ina tsakiya ina juya magana daga Faransanci zuwa Hausa ko Barbarci ko Larabcin Shuwa. Abin da aka ɗauka sai an kai shi Turai an wanke, kuma har yau ban ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Yanzu kuwa 'yar yayata takan zaro duk wannan daga jakar hannunta. Salula ce guda, da wata 'yar sanda mai ƙafa uku da ake naɗewa, da mikoro na ɗaukar murya, ƙarami kamar ƙwayar gurjiya, da ake maƙalawa a wuyan riga. A cikin salular take yankewa, ta haɗa, ta rubuta fassarar Faransanci a ƙasan hoto, kafin la'asar an gani a Yamai.

Malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ta haura arba'in, da 'ya'yanta har da mai shirin aure. Ranakun da babu aiki take fita ɗauka. Ta yi fim a kan masu haƙar rijiya a wani ƙauye wajen Zermu, ta yi wani a kan matan da ke sayar da ƙuli-ƙuli a bakin hanya a Takieta. Na kalle su, kuma na yaba, don tana barin mutum ya gama maganarsa. Turawan da na yi wa aiki ba su da wannan haƙuri.

Abin da ta fi so ta ɗauka yana cikin gidanmu na unguwar Birni, shi ne kuma ya gagare ta. Uwarta, wato yayata, ita ce ta ƙarshe a danginmu da ta iya haɗa humra da turaren wuta yadda kakanninmu suka zo da shi daga Barno. Ta tsufa ƙwarai a lokacin, idonta ya fara rauni, amma hancinta lafiya lau. 'Yar tana son ta zaunar da ita, ta ɗauki fuskarta da muryarta tana aikin tana bayani, tun da sauran lokaci. Sai dai ita ce 'yar farinta. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane. Da aka yaye ta aka kai ta wurin kakarta ta wajen uba, can ta girma. In ta zo gaisuwa ta durƙusa, Yaya takan amsa tana duban bango, in za ta ambace ta kuma sai ta ce "waccan". Na zauna a ƙasashen da uwa ke rungume babban ɗanta a tashar mota tana kuka, na kuma zauna inda kunyar ta fi tamu tsanani. Ban taɓa ɗaukar namu a matsayin ƙiyayya ba. Amma salula ba ta san wannan ba. Duk wanda ke riƙe da ita, shi ake kallo.

Ta fara gwadawa da kanta. Yaya ta juya mata ƙeya ta ci gaba da tsince kajiji. Sai ta kafa salular a kan sandar nan, ta kunna, ta fita tsakar gida. Da ta dawo ta tarar an kife faifai a kanta. Yaya ta gaya wa matar da ke taya ta aiki cewa ita ba ta haukace ba da za ta zauna tana zance da ƙarfe.

Nan ne aka zo gare ni. Wata safiya ta same ni a zaure, ta gaishe ni, ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta ce, "Kawu, kai kaɗai take sakin baki da kai. Kuma ai ka san aikin." Na ce na san shi tun ba a haife ta ba. Da gaske nake jin haka a lokacin.

Ta koya mini a nan zaune. In riƙe salular a kwance, kada in tsayar da ita. In zaunar da Yaya inda hasken ƙofa zai faɗo mata a fuska, kada ya zo ta bayanta. In ga jan ɗigo yana ƙiftawa kafin in fara tambaya. Ta rufe hanyar kira don kada wani ya buga ya katse mu, ta share wasu hotuna don wuri ya samu. Ta ce in bar sandar, tunda Yaya ta tsane ta, in riƙe a hannu kamar abin da nake wasa da shi. Ta maimaita mini komai sau biyu, har na fara jin haushi. Abu ɗaya ne ba ta faɗa ba, don bai zo mata a rai ba cewa sai an faɗa: in riƙa duban gilashin salular.

Washegari da hantsi na shiga ɗakin Yaya. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta yi mini wanka, ita ta raka ni ƙofar lakwal ranar farko ina ihu. Na yi furfura, na ga teku, na tsaya gaban manya a biro-biro, ofis bayan ofis, ina fassara, amma ban taɓa zama a kujera tana tabarma ba, ban kuma taɓa tsayar da ido a fuskarta tana magana ba. Na tuɓe takalmi na zauna a ƙasa, ɗan nesa da ita. Na gaya mata gaskiya, cewa waccan ce ta aiko ni, kuma duk abin da ta faɗa zai shiga cikin abin nan. Ta yi tsaki, ta ce wato duk yawon duniyar da na yi, ƙarshensa na zama ɗan aiken 'yar cikinta. Amma ta bar ni na maƙala mata mikoro a bakin mayafi, har tana tambaya ko yana cizo.

Ta yi aiki a ranar kamar ba ta tsufa ba. Ta wanke farce, ɓawon nan mai kama da ƙumba da ake sa wa turare, ta soya shi a kasko har warinsa na ɗanye ya fita, ta daka. Ta nuna yadda ake gane sandal na gaske da wanda aka shafa wa mai. Ta faɗi abin da ake fara zubawa a kwalba da abin da ake bari sai ya kwana bakwai. Tana yi tana zagin 'yan kasuwar yanzu da ke cika humra da ruwan turaren kanti, tana komawa Barbarci in ta zo kan abin da ba ta san sunansa da Hausa ba. Na yi ta jefa tambaya, tana amsawa, wani lokaci ta ce tambayar wauta ce. Jan ɗigon yana ta ƙiftawa, na tabbatar da wannan tun farko.

Can wajen ƙarshe, tana juya kwalba a tafin hannu, sai muryarta ta sauka. Ta ce shekarar da aka ɗauke waccan aka kai ta gidan kaka, duk Juma'a takan turara zane ɗaya, ta shafa masa humrarta, ta ba a kai a ce na goyo ne. "Don kada ta manta ƙamshina," in ji ta. "Ban san ko ta sani ba. Kai ma kada ka faɗa." Ta san abin yana ɗauka. Ni na gaya mata da bakina. Daga nan ta ce ta gaji, in kwashe tarkacena in ba ta wuri.

Na kai wa 'yar salular a zaure ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Ta sa abin ji a kunne ta fara kallo. Na ga ta ja hoton gaba da yatsa, ta sake ja, ta sake. Sai ta miƙo mini.

Fuskar Yaya ta fito a farko, daidai lokacin da nake gyara zama, ba ta kai ƙiftawar ido uku ba. Daga nan hoton ya sunkuya. Tun da ta buɗe baki na sadda kai kamar yadda na saba tun ina yaro, hannuna kuma ya bi idona. Kusan awa guda, babu abin da ke ciki sai hannayenta, da kasko, da turmi, da gefen tabarma, da babban yatsan ƙafata a kusurwa. Muryar ta fita tsaf, har ƙarar farce a cikin kasko ana ji.

Na tambaye ta ko ba za a iya jawo hoton sama ba, tunda na ga tana matso da abu tana nisanta shi da yatsu biyu. Ta ce abin da bai shiga ba bai shiga ba. Ta ci gaba da saurare, ni kuma ina zaune ina kallonta, har ta iso wurin zanen. Na gane ta iso don ta tsayar, ta mayar baya, ta sake ji. Ta cire abin kunnen a hankali.

"Kawu, da ta faɗi wannan, yaya fuskarta take?"

Na yi shekaru ina cin abinci da nemo wa mutane kalmar da suka rasa, amma a ranar ban samo ko ɗaya ba. Ina iya cewa ta yi murmushi, ko ta yi ƙwalla, kuma da ta yarda. Na ce mata ban duba ba.

Ba ta yi fushi ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce ba komai, za mu sake, wannan karon za ta ɗaura mini salular a ƙirji ko ta sa wani abu ya tokare mini hannu. Na koma wurin Yaya bayan kwana biyu. Ta ce ta riga ta faɗi abin da ta sani, ita ba rediyo ba ce da za a murɗa ta maimaita. Na bari aka kwana biyu na sake komawa da goro da lallashi, ta ce sai farce mai kyau ya zo, wanda ke kasuwa yanzu na banza ne. Na aika aka nemo daga wajen wani ɗan uwanmu a Difa. Kafin ya iso damina ta sauka, sanyin ƙasa ya kama mata gwiwoyi, ta ce sai an sha iska. Kullum da dalili, kuma kowane dalili gaskiya ne. Ni dai na san abin da ta faɗa sau ɗaya ba za ta sake faɗa ba, ko da an kafa mata salula goma.

Ana cikin girbin gero ta faɗi a bakin randa da safe. Aka kai ta asibiti, ta yi kwanaki, aka dawo da ita gida ɓarin jikinta na dama ba ya motsi, bakin ya karkace, harshe ya ƙi.

Wani daga cikin abokan aikin 'yar ya ba ta shawara. Ya ce akwai sabuwar dabara a salula, ana ba ta tsohon hoto da murya, sai ta motsa fuskar ta yi magana. Hoton Yaya ɗaya ne a duniya, na jikin kartidantite, wato katin shaida, wanda aka ɗauka tana tsuke fuska don mai hoton namiji ne. 'Yar ta gwada, ta kawo mini. Leɓen yana motsi daidai da maganar, ido yana ƙiftawa, har kan yana ɗan kaɗawa. Wata tsohuwa ce da ban sani ba, tana kallon mutum ido cikin ido tana faɗin maganar zane da muryar yayata. Na ce ta kashe. Ta ce ita ma ba ta iya kallonsa har ƙarshe ba, so take kawai wani ya gani kafin ta share. A gabana ta share.

Ta haɗa fim ɗin da abin da ke akwai. Ta yanke yatsan ƙafata inda ya yanku, ta bar hannayen. An nuna shi wata ranar Asabar a wani ɗakin taro na matasa, aka rufe tagogi da zannuwa don haske. Bayan an gama wani saurayi mai karatun sinima ya miƙe ya yi dogon bayani da Faransanci, yana yaba hikimar ɓoye fuskar tsohuwar, wai an mutunta al'ada. Aka tafa. Ina zaune a layin baya da hulata a gwiwa. Maganar zanen ba ta cikin fim ɗin, ta cire ta, ta ajiye wa kanta.

Tun faɗuwar nan 'yar ta bar gidanta ta dawo Birni da zama. Ita ke juya uwar, ita ke yi mata wanka, ita ke ba ta kunu da cokali. Mai shan kunu daga hannun wani ba shi da inda zai kai ido, don haka yanzu Yaya tana dubanta, wani lokaci ta daɗe tana duba. Na taɓa shigowa na tarar da su haka, salular tana kan taga a kife, na ce wa 'yar a hankali ko in ɗauka, wannan karon zan riƙe daidai. Ta girgiza kai ta ci gaba da hura kunun.

Farcen da aka kawo daga Difa yana nan cikin ƙullinsa. Yaya ba ta sake yin magana ba, kuma ba a sake haɗa humra a gidanmu ba.